Al'ada da Sulhu a Ƙasar Gaya: Nazari a kan Tarihi da Harshe

1. Gabatarwa

Hausawa suna cewa, "Zo mu zauna, zo mu saɓa." Watau dai babu jama'ar da za ta zauna wuri guda ba tare da saɓani ya gitta tsakaninta ba. Abin da ya bambanta wata al'umma da wata shi ne hanyar da kowace take bi ta kashe wutar in ta tashi: wa zai fara magana, a ina za a zauna, da wane irin lafazi, kuma mene ne za a ce an samu in an tashi. Galibin waɗannan abubuwa ba a rubuce suke ba. Al'ada ce ke riƙe da su, yaro yakan tashi ya tarar da su kamar yadda yakan tarar da harshen gidansu.

Nufin wannan takarda shi ne a duba yadda al'ada ta tsara sasantawa da kashe rigima a ƙasar Gaya da Ajingi, tun daga zamanin sarakunan Haɓe har zuwa kwanan nan. Za mu dogara ga abubuwa uku: abin da Tarihin Kano ya faɗa game da Gaya, abin da littattafan fiƙihun Malikiyya suka tanada, da kuma shaidar da ke cikin harshen Hausa kansa. Abin da muke son nunawa shi ne, sulhu a wannan ƙasa yana tsaye bisa duwatsun murhu uku, watau mai shiga tsakani, da amanar wurin zama, da kuma barin ƙofa wadda mai laifi zai fita da mutuncinsa. Duk inda aka ture ɗaya daga cikinsu, tukunyar takan kife.

2. Ƙasar da asalinta

Gaya tana gabas da birnin Kano, bayan an wuce Wudil, a kan hanyar da ta nufi Dutse. Ajingi kuwa maƙwabciyarta ce ta arewa. Ƙasa ce ta noman gero da dawa da gyaɗa da wake, inda Hausawa manoma da Fulani masu shanu suka daɗe suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Tun da kuma ta fuskanci gabas, baƙin Barno ba su taɓa yanke ƙafa daga cikinta ba.

Akwai labarai biyu na asali waɗanda ya kamata mai karatu ya riƙe, gama su ne mabuɗin abin da zai biyo baya. Na farko shi ne na Abagayawa, maƙeran Kano, waɗanda ke cewa kakansu, wani mutum mai suna Kano, daga Gaya ya taso ya zo gindin Dala neman tama, ya zauna. Bisa ga wannan labari, Gaya ta girmi Kano. Na biyu yana cikin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A can an ce a zamanin Sarkin Kano Yakubu (1452–1463) wani ɗan Sarkin Machina mai suna Agalfati ya zo Kano, aka ba shi Gaya. Bisa ga wannan kuwa, sarautar Gaya kyauta ce daga hannun Sarkin Kano.

To, a nan ga gari wanda yake babba wajen asali, ƙarami wajen mulki. Irin wannan zama ba ya yiwuwa sai da lallashi daga ɓangarorin biyu. Sarkin Kano yana bukatar a nuna masa biyayya a fili, Sarkin Gaya kuma yana bukatar a nuna masa ba bara ba ne. Haka abin yake ga sauran manyan sarakunan ƙasar Kano masu gadon sarautarsu, irin su Rano da Dutse da Ƙaraye. Tarihin Gaya da Kano, in an duba da kyau, ciniki ne mai tsawo a kan iyakar wannan biyayya.

3. Gaisuwa da tawaye: labarin Farin Dutse

Kalmar "gaisuwa" a Hausa tana da fuska biyu. Tana nufin maganar baki da ake yi in an haɗu, tana kuma nufin abin hannu da na ƙasa yake kai wa na sama. Wannan haɗuwar ma'ana ba banza ba ce. A wurin Bahaushe, wanda ya daina kai gaisuwa ya daina magana ke nan, kuma shirun nasa saƙo ne wanda kowa ya san fassararsa.

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarkin Kano Dadi (1670–1703) Sarkin Gaya Farin Dutse, uban Mariyama, ya yi tawaye, ya yi shekara 3 bai biya abin da ake biya ba. Sa'an nan Sarki ya yaudare shi ya zo ganawa, aka kashe shi, waɗansu suka ce da aska. Labarin gajere ne, amma yana ɗauke da darussa.

Abu na farko, a lura da tsawon lokacin. Shekara 3 aka yi, marubucin kuwa bai ambaci an kai wa Gaya yaƙi ba. Ashe ƙin kai gaisuwa bai zama yanke zumunci gaba ɗaya ba. Matsayi ne na ciniki, kamar yadda mai kaya a kasuwa yakan ce "albarka" in tayi bai yi masa ba, alhali kuwa bai naɗe tabarmarsa ya tafi gida ba. Abu na biyu, Farin Dutse ya amsa kira. Mutumin da ya yi shekara 3 yana tawaye ba zai kawo kansa ba sai in ya gaskata akwai wata ƙa'ida da ta fi ƙarfin fushin Sarki, watau cewa wanda aka kira zama yana cikin amana har ya koma gida. Yaudarar ba za ta ci ba in da wannan ƙa'ida ba ta kafu a zukatan mutane ba.

Abu na uku shi ne abin da ya biyo baya. Dadi ya rasu, ɗansa Muhammadu Sharefa (1703–1731) ya gaje shi, sunan uwarsa kuwa Mariyama. Tarihin ya ce a zamaninsa mutanen Gaya suka yi ƙarfi ƙwarai a Kano, kuma a shekara ta 3 ta sarautarsa Sarkin Gaya ya gina wa garinsa ganuwa. In Mariyaman nan ita ce 'yar Farin Dutse, kamar yadda nassin yake nunawa, to jikan wanda aka kashe ne ya hau gadon wanda ya yi kisan. Aure ya ɗinke abin da aska ta yanka, har Gayawa suka samu a fada abin da ba su samu da tawaye ba. Amma fa duk da haka sai da suka gina ganuwa. Mutanen da aka ci amanar kiransu sau ɗaya, ko ɗan 'yarsu ne ke sarauta, sun gwammace su dogara ga bango.

4. Shari'a, sulhu, da Basasa

Jihadi ya ci Kano a 1807, mulki ya koma hannun Fulani, Gaya kuma ta ci gaba da zama sarauta mai ƙasa a ƙarƙashin Sarkin Kano. Abin da sabon zamani ya ƙarfafa shi ne hukunci bisa littafi. A Kano ne Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami wajen 1806, don ya nuna wa jama'ar wurin yadda ake mulki da shari'a.

Wani zai zaci littafi da al'ada za su yi karo a kan sulhu, amma ba haka abin ya zama ba. Alƙur'ani ya yabi sulhu tsakanin miji da mata a Suratun Nisa'i, ya kuma yi umurni da a shirya tsakanin ƙungiyoyin muminai in sun yi faɗa a Suratul Hujurati. Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta sulhu muddin bai kai ga haram ba. Muhtasar na Halil yana da babi sukutum a kansa. Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna aiki da ita, ta ba alƙali damar ya kira masu ƙara zuwa sulhu in hukunci ya rikice masa, ko kuwa in ya ji tsoron zartar da shi zai haifar da fitina ko gaba tsakanin dangi. Saboda haka alƙali da dattijon unguwa ba kishiyoyi ba ne. Littafi ya ba al'ada iyaka, al'ada kuma ta ba littafi hanyar shiga gidaje.

Amma a ƙarshen ƙarnin an ga abin da yakan faru in mai shiga tsakani ya rasa 'yancinsa. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya yi umurni a naɗa ɗansa Tukur, Wazirin Sakkwato Buhari kuwa shi ya zartar. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ba su yarda ba, suka fita birni da Yusufu a gaba, suka kafa sansani a Takai. Yaƙin Basasa ke nan, wanda ya ci ƙasar gabas da kudu, Gaya kanta ba ta tsira ba. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, Aliyu Babba ya karɓi jama'arsa ya shiga Kano a wannan shekara, Tukur kuma ya rasa ransa a 1895.

Bisa tsarin daular, Waziri shi ne idon Sakkwato a kan Kano, shi ne kuma ya kamata ya zama mai shiga tsakani in 'yan sarki sun saɓa. Amma tun da shi ne ya naɗa rawanin da ake faɗa a kansa, ya zama ɗan saƙon ɓangare guda. Fitar Yusufawa daga birni irin ta Farin Dutse ce, watau yaji ne na sarauta, mai jiran biko. Da ba a sami wanda duka biyu suka yarda da shi ya yi bikon ba, sai takobi ya yi magana.

5. Matakan sulhu a ƙauye

Mu bar fada mu koma ƙauye, gama a can ne al'adar ta fi bayyana. Rigimar da ta fi yawa a irin wannan ƙasa ita ce ta gona: iyaka, gado, aro da jingina, sai kuma ɓarnar dabbobi. Mu ɗauki misalin ɓarna, mu bi ta daki-daki yadda aka saba yi.

A ce shanu sun shiga gonar dawa a wani ƙauyen Ajingi ana gab da girbi. Mai gona ba ya tunkarar mai shanu da kansa, gama magana zarar bunu ce, kuma mai fushi ba ya zaɓen kalma. Yakan je wurin mai unguwa. Mai unguwa yakan aika wa Arɗo, wanda shi ne shugaban Fulanin wurin. Tun daga nan maganar ta fita daga hannun masu ita, ta koma hannun mutum biyu waɗanda za su sake haɗuwa gobe a kan wata maganar, don haka kowannensu yana tsoron ɓata wa ɗan'uwansa. Sa'an nan a tura dattawa su ga ɓarnar da idonsu, su ƙiyasta ta dami nawa ce.

A nan littafi yana da abin faɗa. Hukuncin Malikiyya, kamar yadda yake cikin Risala, shi ne ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana kan masu dabbobin, ta rana kuwa ba ta kansu, domin tsaron gona da rana aikin mai gona ne, tsare dabba da dare aikin mai ita ne. Malamai sun yi bayanin cewa in makiyayi yana tare da dabbobin ya yi sakaci, ko ya kora su ciki, to wannan wani hukunci ne dabam. Dattawa sun san wannan, shi ya sa tambayar farko ita ce, "Da dare ne ko da rana? Yaro yana wurin ko ba ya nan?"

Zaman kansa a zaure ake yinsa, na mai unguwa ko na dagaci. Zaure wuri ne da ba cikin gida ba, ba kuma waje ba. Baƙo yana shiga ba tare da ya keta sirrin gida ba, mai gida yana fitowa ba tare da ya bar ikonsa ba. Wanda ya tuɓe takalmi ya shiga ya zauna, ya shiga amana, ba a zaginsa, ba a ɗaga masa hannu. Akan fara da doguwar gaisuwa, a tambayi gida da shanu da damina, wadda baƙon ido zai ɗauka ɓata lokaci ce. Alhali kuwa da ita ake tabbatar wa juna cewa zumunci yana nan, rigimar baƙuwa ce ta zo ta tarar da shi.

In an faɗi ƙiyasi, Arɗo ba ya musun ɓarna. Yakan ce, "Ranka ya daɗe, an yi ɓarna, ba mu da ta cewa. Yara ne. A duba mana." Dagaci ya juya wurin mai gona ya ce, "Malam, ka ji. Maƙwabcinka ne, gobe shi zai zauna maka a gona. Me ka bari don Allah?" Mai gona ya yafe wani kashi, wani lokaci ma duka. Maganar zama a gona kuwa ba ado ba ce. Bayan girbi shanu sukan sauka a gonaki su ci kara da harawa su bar taki, manomi kuma yakan ba da hatsi don a zauna masa. Kowane ɓangare yana da abin da zai rasa in aka rabu baram-baram. Daga ƙarshe liman ya yi addu'a, a shafa fatiha, a yi musafaha. In abin ya gagara a nan sai a hau wurin hakimi, in ya gagara sai alƙali. Amma kai maƙwabci gaban alƙali, a idon jama'a, alama ce ta cewa zumunci ya riga ya mutu.

Haka tsarin yake a rigimar aure. Mace ta yi yaji ta tafi gidansu, miji ba ya zuwa shi kaɗai ya yi gardama, sai ya tura manya su yi biko, a ba ta haƙuri, a kai ɗan abin hannu. Haka kuma yake a kasuwar dabbobi, inda mai saye da mai sayarwa ba sa ciniki baki da baki sai ta bakin dillali, wanda ke cin la'adarsa in an sallama. Ga kuma wasan barkwanci, irin na taubasai, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi, wanda ke ba mutum izinin faɗa wa abokin wasansa gaskiya mai ɗaci cikin dariya, ba tare da an riƙe shi ba.

6. Harshen sulhu

Ga mai nazarin harshe, abin sha'awa shi ne yadda nahawun Hausa kansa yake yi wa masu sulhu aiki. Za mu kawo abubuwa huɗu.

Na farko, kalmomin. "Sulhu" aro ce daga Larabci, ta shigo tare da littafi, tana da ƙamshin shari'a. Amma Hausa tana da nata: sasantawa, shiryawa, daidaitawa, biko, ban haƙuri, ban baki. A lura da biyun ƙarshe. A Hausa haƙuri abu ne da ake bayarwa, wanda aka cuta shi ake ba, shi kuma ya "yi" shi. Watau wanda aka yi wa laifi shi ne mai aikin, shi ne kuma mai girman. Ba a ce ya sha kaye ba, an ce ya yi haƙuri. A. H. M. Kirk-Greene, cikin laccarsa a kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, ya lissafa haƙuri da kunya da mutunci da amana cikin siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su, waɗannan kuwa su ne jarin zaure.

Na biyu, wakilin suna na "an" da "aka" da "a". In Arɗo ya ce "an yi ɓarna", ya amsa laifin ba tare da ya nuna mai shi da yatsa ba. In dagaci ya ce "a yi haƙuri", ya ba da umurni ba tare da ya umurci kowa ba. Gwada wannan da "ka yi ɓarna" ko "ka yi haƙuri", za ka ji bambancin nauyinsu a kunne.

Na uku, aikatau masu ƙarewa da wasalin "u", waɗanda F. W. Parsons ya sa a aji na 7 cikin rabon da ya yi wa aikatan Hausa a 1960: ya faru, ya auku, ta gyaru, sun shiryu, ta ɗinku. Waɗannan suna faɗin halin da abu ya shiga ba tare da ambaton wanda ya sa shi ba. "Abin da ya faru ya riga ya faru" jimla ce da ke rufe binciken laifi ta buɗe maganar gyara. "Magana ta gyaru" kuma ba ta ce wane ne ya ci, wane ne ya faɗi ba.

Na huɗu, magana ta bakin wani. A fada, talaka yakan yi gaisuwa, fadawa su amsa, "Sarki ya gaishe ka." A zaure, mai ƙara yakan fuskanci dagaci, ba abokin rigimarsa ba, ya kira shi "wannan bawan Allah" ko "ɗan'uwana". Karin magana ma irin wannan aiki take yi. In dattijo ya ce, "Harshe da haƙori ma sukan saɓa," ba ra'ayinsa ya faɗa ba, na magabata ne, babu kuwa mai jin kunyar sauka a kan maganar magabata.

A nan ne hanyar Hausa ta rabu da wadda ake koyarwa a makarantun Amurka. Roger Fisher da William Ury, cikin littafinsu na 1981 a kan sasantawa, sun ba da shawarar a raba mutum da matsalar, a fuskanci matsalar ita kaɗai. Shawara ce mai amfani ga waɗanda za su sa hannu a takarda su rabu. Amma a ƙauyen da mutum zai binne iyayensa tare da abokin rigimarsa, dami goma na dawa ba su ne ainihin abin da ake ciniki a kansa ba. Abin da ake ciniki a kansa shi ne yadda za a gaisa gobe a masallaci.

7. Canjin zamani

Turawa sun ci Kano a 1903. Ba da daɗewa ba suka raba ƙasar gunduma-gunduma, suka tura hakimai su zauna a gundumominsu, suka ɗora musu da dagatai tara haraji da jangali. Wannan ya ƙara wa masu sarauta ƙarfi, amma ya rage musu wani abu, domin mutumin da ke ƙirga shanunka don jangali da wuya ka ɗauke shi uban kowa. Daga baya sai ikon ya yi ta zamewa. A 1968 aka fitar da kotunan alƙalai daga hannun En'e aka rufe kotunan sarakuna. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi. A 1979 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Dagaci ya wayi gari ba shi da sanda, sai girma. Ga kuma jama'a ta yawaita, gonaki sun ci burtali da makiyaya a wurare da yawa, takin zamani ya rage wa manomi bukatar a zauna masa a gona. Igiyar da ta ɗaure manomi da makiyayi ta yi sako-sako, kowa kuma ya ga hanyar ofishin 'yan sanda a buɗe.

Duk da haka al'adar ba ta mutu ba, har hukuma ta komo tana nemanta. A zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau (2003–2011) aka kafa Zauren Sulhu a Jihar Kano, sunan da kansa shaida ne cewa ba a sami kalmar da ta fi ta zaure ba.

Tsohon ciniki tsakanin Gaya da Kano ma ya sake tasowa. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Gaya, tare da Rano da Ƙaraye da Bichi, ta zama masarauta mai sarkin yanka, Alhaji Ibrahim Abdulƙadir yana Sarki. Da ya rasu a 2021, ɗansa Alhaji Aliyu Ibrahim ya gaje shi. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka. Sarkin Gaya ya fito fili ya nuna ya karɓi abin a matsayin ƙaddara daga Allah, bai ja ba. A watan Yuli na wannan shekara aka yi sabuwar doka wadda ta kafa masarautar Gaya mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, aka kuma mayar da shi kan gadonsa. Ba aikin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci a kan siyasar lamarin. Abin lura kawai shi ne, tambayar da aka yi a zamanin Dadi ita ce dai aka sake yi bayan shekara fiye da 300, kuma lafazin haƙuri da sallamawa ya bar ƙofa a buɗe. Durƙusa wa wada, in ji Hausawa, ba gajiyawa ba ne.

8. Kammalawa

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa hanyar zaure ba ta da aibi. Tana da shi, babba kuwa. Haƙuri kaya ne, kuma sau da yawa a kan marar ƙarfi ake ɗora shi. Matar da aka zalunta akan ce ta koma ɗakinta don 'ya'ya. Marainiyar da aka cinye wa gado akan ce ta bar wa Allah. Talakan da ya yi rigima da mai kuɗi yakan ga kunyar dattawa ya yafe abin da bai yi niyyar yafewa ba. Mata kuma galibi ba su da wurin zama a zaure, sai dai a yi magana da yawunsu. A nan ne iyakar da malaman fiƙihu suka sa take da amfani, watau sulhun da ya halatta haram ba sulhu ba ne, kuma ƙofar alƙali ba ta rufuwa ga wanda bai yarda ba. Sulhun da aka tilasta, binne wuta ne da toka.

Abin da tarihin Gaya ya nuna shi ne, duwatsun murhun nan uku ba su canja ba ko da yake masu zama a kansu sun canja. An ci amanar zama a zamanin Dadi, aka sami ganuwa. An rasa mai shiga tsakani a 1893, aka sami Basasa. Inda kuwa aka bar wa mutum ƙofar fita da mutuncinsa, ko a fada ko a gindin gona, magana takan gyaru.

Saura aiki a kanmu, mu masu koyar da Hausa. Dattawan da suka san lafazin zaure suna ƙarewa, abin da suka sani kuwa bai shiga littattafan makaranta ba. Ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su riƙa tura ɗalibansu garuruwansu lokacin hutu, su nemi izini su zauna a zauren mai unguwa, su rubuto yadda ake buɗe magana, da yadda ake amsa laifi, da yadda ake roƙon ragi, da yadda ake rufewa. Wannan zai zama darasin nahawu da na tarihi da na zaman duniya gaba ɗaya. Malamin da aka tura ƙauye, ko ya so ko ya ƙi, wata rana za a kira shi ya shiga tsakanin mutum biyu. Gara ya je da sanin inda ake tuɓe takalmi. Allah ya sa mu dace.